Motar da ta riƙa durƙusawa a ƙofar gidana

Ni ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, shadda da yadi nake sayarwa, shekara 19 ke nan ina cikin harkar. In ka miƙo mini shadda, ko idona a rufe yake, murza ɗaya zan yi in gaya maka ko ta ainihi ce ko jabu. Amma a watan Fabrairun 2023 na ɗauki naira miliyan 14 da rabi na sayi mota, ban ko ɗaga shimfiɗar da ake taka ƙafa a kai na leƙa ƙarƙashinta ba.

Kafin nan Corolla nake hawa, ta 2005, shekara 9 muna tare ba ta taɓa kwana da ni a hanya ba. Abin da ya raba mu ba laifinta ba ne. Wani ɗaurin aure muka je a Nasarawa, mai gadi ya dube ni ya dubi motar, ya nuna mini gindin wata bishiya a waje. Ina cikin rufe ƙofa sai ga wani yaro da ni na yaye shi a kasuwa, ni na ba shi jarin farko, ya shigo da wata doguwar baƙar mota, aka wangale masa ƙofa har da sarawa. Yaron bai yi mini komai ba, har ƙasa ya gaishe ni a cikin taro. Amma na koma gida da wani abu a maƙogwarona wanda tuwon dare bai wuce da shi ba.

Makanikina, wanda ya riƙe mini Corolla duk tsawon shekarun nan, shi na fara gaya wa. Na nuna masa hoton wata jif ƙirar Jamus ta 2013, mai kujera layi uku da injin silinda 8. Ya daɗe yana kallon wayar, ya goge hannunsa da tsumma, ya ce, "Alhaji, ni fa ban san wannan motar ba. In ta tsaya maka, ni da kai duk 'yan kallo ne." Na ɗauka hassada ce irin ta mai tsoron kada ciniki ya kuɓuce masa. Ban sake neman sa ba.

Ranar da na je ganin motar, bayan la'asar ne. Tana tsaye a bakin titi cikin jerin 'yan uwanta, an wanke ta, an shafe tayoyin da mai suna ƙyalli. Ina isa na tarar injin yana aiki, an kunna sanyi, cikin motar kuwa ƙamshin turaren wuta kamar ɗakin amarya. Dillalin ya buɗe mini ƙofa ya ce, "Ranka ya daɗe, 'yar Beljiyam ce, ko wata guda ba ta yi da sauka daga jirgi ba. Wata tsohuwa ce ta hau ta a Amurka, daga gida sai coci." Na sha jin wannan tsohuwar daga baya a bakin dillalai daban-daban, da alama ta fi kowa yawan motoci a duniya. Shi kansa sunan Beljiyam ɗin ya samo asali ne tun lokacin da ake lodin tsofaffin motocin Turai daga tashar jiragen ruwa ta Antwerp, sunan ya zauna ko da yake manyan motocin da muke gani yanzu yawancinsu daga Amurka suke zuwa.

Na ce ina son makaniki ya duba. Nan take ya kira wani, wai ƙwararre ne a motocin Jamus. Mutumin ya zo, ya buɗe gaba, ya zaro sandar bakin mai ya shinshina, ya jona wata 'yar na'ura a ƙasan sitiyari, ya juyo mini da fuskarta ya ce, "Ka gani Alhaji, fes." Mita tana nuna mil 88,000. Muka zaga sau ɗaya, ko minti goma ba mu yi ba, kuma a kan kwalta mai santsi. Ban tambayi kaina wa zai biya wannan ƙwararren ba. Ni dai na ba shi dubu biyar, sauran kuma yana cikin la'adar dillali.

Lokacin ana tsakiyar wahalar canjin kuɗi, takardar naira ta yi ɓatan dabo, bankuna kuma layinsu yana ta yankewa. Sai da na yi kwana uku ina tura kuɗin kashi-kashi kafin su cika. Allah Ya ba ni kwana uku cur in yi tunani, na ƙarar da su ina faɗa da banki.

Ba zan yi ƙarya ba, makonnin farko na ji daɗi. Motar tana tafiya kamar ba ta taɓa ƙasa, ramin da Corolla za ta girgiza ni har haƙori, wannan sai dai in gan shi ya wuce. Masu gadi suka fara sara mini. Uwargida ta ce, "Maigida, Allah Ya sa alheri, Ya tsare," amma na lura ba ta ƙara komai a kai ba, ita da ba ta rasa abin cewa.

Wata safiya cikin azumi na fito zan tafi kasuwa, sai na tarar gaban motar na dama ya sauka har taya ta shige cikin bodi, ta durƙusa kamar raƙumin da za a yi wa lodi. A nan na fara sanin cewa irin waɗannan motocin ba a kan ƙarfe mai lanƙwasa suke zaune ba, a kan wasu jakunkunan roba ne masu cike da iska, makanikai na ce musu balan-balan, da wani ɗan famfo da ke hura su. In roba ta tsufa ta fara tsagewa, iska na zurarewa cikin dare. In ka tayar da safe famfon zai hura ta ta miƙe, ka ɗauka lafiya, alhali famfon yana aikin da ya fi ƙarfinsa har shi ma ya ƙone. Mai sayarwa ya san haka, shi ya sa ba ka taɓa tarar da motar a kashe.

Na shiga Ƙofar Ruwa rumfa-rumfa, inda in kayan Corolla kake nema yaro ma zai kawo maka kala uku ka zaɓa. Wannan kuwa sai a karɓi tsohon a jujjuya, a ce sai dai Legas. Aka yi waya kasuwar kayan mota ta Ladipo, aka sako a motar dare, na jira kwana biyar, abin da ya zo shi ma na hannu ne da aka ciro daga wata motar. Na canza ɗaya, bayan sati uku na hagu ya bi sahu, sannan famfon.

Ina cikin wannan sai ga 29 ga Mayu, aka ce tallafin mai ya tafi. Tankin motar nan lita 100 yake ci. Litar da gwamnati ta tsayar a ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwana biyu, kafin ƙarshen Yuli ta wuce 600. Injin silinda 8 a cunkoson titin Murtala Muhammad da sanyi a kunne, kana iya ganin allurar mai tana sauka da idonka. A watan Yuni kuma aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, duk wani ƙarfe da ake shigowa da shi da dala ya tashi. Na fara ajiye jif a gida ranakun aiki ina hawa adaidaita sahu, ina ce wa mutane tana wurin sabis. Corolla kuwa na riga na sayar, da araha ma, don a lokacin gani nake ta zame mini abin kunya.

Abin da ya fasa ƙwai ya faru ne a watan Agusta. An yi mana rasuwa a Zariya, na ɗauki Hajiya mahaifiyata da ƙanwarta za mu je gaisuwa. A dawowa, mun wuce Kwanar Ɗangora kaɗan, magariba ta kawo kai, sai ruwa ya tsuge. Can sai na ga fitilun gaban sitiyari sun kama gaba ɗaya, ja da ruwan ɗorawa, kamar an kunna wutar biki. Giya ta maƙale a wuri ɗaya, duk yadda na taka motar ba ta wuce tafiyar mai keke. Sai gilasan baya suka sauka da kansu, ba wanda ya taɓa, ruwa ya shigo yana dukan tsofaffin nan. Na danna, na sake dannawa, ko gezau. Na gangara gefen titi na kashe ta, daga nan ba ta sake tashi ba.

Hajiya ta ja mayafinta ta rufe kai, ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta ce, "Ɗan nan, ita wannan motar taka, ka tabbata babu mutanen ɓoye a cikinta?" Inna, ƙanwar tata, ta fashe da dariya, ni kuwa da ƙasa za ta tsage da na shige. Wata motar haya mai zuwa Kano ta tsaya, na roƙi direban ya matsa musu wuri. Ina tsaye cikin ruwa ina kallon mahaifiyata, mai shekara sama da 70, tana cusa kanta tsakanin buhunan masara da fasinjoji huɗu. Ni kuma na kwana a wurin tare da motar, sai da hantsi janwe ya zo.

Masu gyaran waya uku suka taɓa ta a Kano, kowa ya canza abin da ya canza ya karɓi kuɗinsa, kwana biyu ta dawo da sabon salo. Daga ƙarshe wani abokin ciniki ya haɗa ni da wani mutum a Apo, Abuja, wanda ba ya taɓa komai sai irin waɗannan motocin. Aka ɗora ta a bayan babbar mota aka kai. Mutumin bai ko ɗauko na'ura ba. Ya buɗe ƙofa, ya sa hanci, ya ce wa yaronsa ya kwance kujerar gaba. Ƙusoshin da suka riƙe kujerar sun yi jajir da tsatsa. Ya ɗaga shimfiɗar ƙasa, ya yaye soson da ke ƙarƙashinta, ya sa hannu ya damƙo wani abu ya zuba mini a tafin hannu. Yashi ne, fari, mai laushi, irin wanda babu shi a Kano. Ya ciro wani akwatin waya da ke kwance a wurin, ya zare bakinsa ya nuna mini: ƙananan haƙoran tagullar duk sun zama kore, wasu sun cinye sun karye. Sannan ya ja bel ɗin kujera har ƙarshensa, sai ga wani layi mai ruwan ƙasa ya ratsa shi, daidai inda ruwa ya tsaya.

Ya ce, "Alhaji, motarka ta yi wanka a teku. Ruwan gishiri ne. Yau ka gyara nan, gobe can ya ruɓe, haka za ku yi ta yi har ɗayanku ya gaji."

Ɗan yayata da ke karatu a jami'a shi ya raka ni. Ya leƙa ta ƙasan gilashin gaba, ɓangaren direba, ya kwafi lambar shasi, haruffa da lambobi 17, ya rubuta a Google. Ko minti ɗaya ba a yi ba ya miƙo mini wayar. Ga motata, ita ce, har ɗan tabon da ke kan murfin baya, tana tsaye a wani filin gwanjo a jihar Florida, laka har rabin ƙofa, an yi rubutu da farin alli a gilashinta. A ƙarshen Satumban 2022 guguwar da aka sa wa suna Ian ta afka wa yankin, ruwan teku ya hau gari ya shanye motoci masu ɗimbin yawa. Kamfanonin inshora suka biya masu su, suka tura motocin gwanjo. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne can ba wanda ya ɓoye komai, a shafin an rubuta ƙarara cewa ruwa ne ya ci ta. Mitar kuma a hoton mil 171,000 take nunawa. Tsakanin Florida da Kano wani ya zauna ya zaftare kusan rabin tafiyar da ta yi a duniya. Duk wannan yana kwance a intanet tun kafin in tura kobo, kyauta, kuma wayar da zan duba da ita tana aljihuna ranar da nake shaƙar turaren wuta.

Na koma wurin dillalin da hotunan. Bai yi musu ba, bai kuma ji kunya ba. Ya ce shi ma haka ya saye ta a Legas, kuma ai na zo da idona na gani, har makaniki ya duba. Manyan wurin suka zauna, aka yi ta ja, a ƙarshe aka ce ya mayar mini da la'adarsa. Na karɓa don kada a ce na raina sulhu. Da za mu rabu ya ja ni gefe ya ce in kawo ta a wanke, a goge fitilun da na'ura, shi zai samo mini wani Alhajin cikin sati biyu, har riba zan ci tunda motoci sun tashi.

Wallahi sai da na yi kwana biyu ina juya maganar, ba zan ɓoye ba. Na riga na zuba sama da miliyan 5 a gyara, jarina ya fara jin jiki. Uwargida ce ta ce, "Maigida, kai da kake mayar wa mutum kuɗinsa in an sami zare ɗaya ya zame a shadda?" Ban amsa mata ba. Na san hadisin da ya ce wanda ya ha'ince mu ba ya cikinmu, tun ina makarantar allo nake jin sa, amma ban taɓa jin nauyinsa kamar ranar da miliyoyi suka hau kansa ba. A farkon 2024 na sayar da ita ga masu yanka mota su sayar da kayanta, na gaya musu komai har hotunan na nuna. Miliyan 8 suka ba ni, a lokacin da dala ta haura 1,500 kuma lafiyayyar irinta ta ninka abin da na saya.

Na yi kusan shekara ba ni da mota. Da na tashi sake saye, wurin tsohon makanikina na fara zuwa, da goro da ban haƙuri. Bai ce ai na gaya maka ba, ya dai yi murmushi ya ce, "Alhaji, yanzu wacce muke nema?" Na ce shi zai faɗa. Ya ce in dai ina son babbar mota mai daɗin zama wadda zai iya riƙe mini, in nemi Lexus ES350, domin injinta mai silinda 6 iri ɗaya ne da na Camry babba, kayanta kuma ko a Ƙofar Ruwa ko a Panteka ta Kaduna ba a rasawa. Ba wai motar Jamus ba ta da kyau ba ne, in ji shi, wanda ke zaune kusa da masu gyaranta kuma yana da kuɗin da zai ajiye gefe don ita, ya hau abarsa. Ni ba na cikinsu.

Wata biyu muka yi muna yawo, kuma sharaɗinsa ɗaya ne: ba ma zuwa ganin mota sai da sassafe, kafin kowa ya tayar da ita, ya ɗora hannu a kan injin ya ji shi da sanyi. Ƙarar da injin zai yi a daƙiƙun farko da hayaƙin da zai fitar, in ya ɗumama ba za ka sake jin su ba. Yana zuwa da tocila da ɗan maganaɗisu a aljihu. Ya bi jikin motar da shi, inda ya ƙi kamawa ya san an cike wurin da ƙullun masu gyaran bodi an fesa fenti. Kafin ya tayar, sai ya murɗa makulli rabi ya ƙirga fitilun gaban sitiyari, domin dole kowace ta kama sannan ta mutu, wadda ba ta kama ba ko kaɗan an cire ta ne ko an liƙe ta don kada ta tona asiri, musamman ta jakar iskar da ke tare mutum in an yi karo. Na'urar ma ba ya yarda da ita a tsaye, sai mun yi tafiyar rabin awa, mun hau hanya mai gargada, mun taka sosai a kan babban titi, sannan ya jona, don abin da aka goge da safe yakan dawo bayan tafiya.

Mota ta farko da muka gani an ce ta 2014 ce, fuska da fitilu duk na sabon yayi. Ɗan yayata ya ƙirga harafi na goma a lambar shasi, wanda shi ke nuna shekarar mota: A na nufin 2010, B 2011, haka har E ta 2014. Wannan lamba 8 ce a wurin, wato ta 2008 ce aka sauya mata fuska a Legas. Ta biyu lafiyayya ce, amma da makaniki ya shiga ƙarƙashi ya ƙwanƙwasa tukunyar salansa sai ta amsa kamar gwangwani, an fasa an kwashe abin tace hayaƙin da suke kira indomi, wanda ake sayarwa da tsada saboda ƙarafa masu daraja da ke cikinsa. Ta uku na so ta ƙwarai, har na fara ciniki, sai muka nemi takardun kwastan. Aka kawo wata takarda da lambar shasin da ke kanta ta bambanta da ta motar da harafi biyu. A Janairun 2017 gwamnati ta hana shigo da motoci ta kan iyakokin ƙasa, don haka duk wadda aka ce maka ta Kwatano ce ta biyo daji, ka san wata rana za a tare ka a hanya a nemi fito, kuma kai da ke riƙe da sitiyari kai za ka biya. Mai motar ya ce kuskuren mai buga takarda ne. Na ce to mu je ofishin kwastan tare a tantance, ya ce yana da uzuri.

Wadda na saya a ƙarshe ba 'yar Beljiyam ba ce ma, 'yar gida ce, ta 2011, a hannun wani dattijo da ya yi ritaya a Kaduna. A da ina raina motar da aka hau a Najeriya. Dattijon ya fito mana da wata tsohuwar jakar leda cike da rasit, kowane canjin bakin mai da kwanan watansa, ya kuma nuna mana da kansa inda aka taɓa gogar ƙofar baya da inda fatar kujerar direba ta tsage. Muka biya kuɗi kaɗan aka ciro rahoton Carfax, wato tarihin motar a Amurka, mil ɗin da ta bar Amurka da shi ya yi daidai da rasit ɗinsa na farko. Makanikina ya kwance ƙusa ɗaya ta kujera, ya ɗaga shimfiɗa, ya haska tocila, ya sa hannu ya shafo. Ƙura ce kawai da wata tsohuwar naira biyar ta takarda. Kuɗin da ke hannuna ya isa in sayi wadda ta fi ta sabunta, ban saya ba, na bar kusan kashi ɗaya cikin biyar a banki da sunan motar. A watan farko muka canza tayoyi huɗu, da duk wani mai da ruwa da ke cikinta, daga cikin wannan ajiyar.

Ranar da na fara ɗaukar Hajiya a cikinta, kafin ta shiga sai da ta tsaya ta dubi gilashin baya, ta ce, "Wannan dai ba ya sauka da kansa ko?"

Makon jiya yaron nan nawa na kasuwa, mai baƙar motar ɗaurin aure, ya same ni a rumfa bayan azahar. Ashe shi ma tasa ta daɗe a gareji, kunya ce ta hana shi faɗa. Ya nuna mini hoton wata farar jif a wayarsa, ya ce, "Alhaji, wannan fa tsaf take, wata tsohuwa ce ta hau ta." Na ce ya turo mini lambobi 17 ɗin nan, kuma ya gaya wa dillalin za mu zo ranar Asabar bayan sallar asuba, kada kowa ya taɓa makullin. Jiya ya kira ni. Wai dillalin ya ce ba a ba da lambar shasi sai an ajiye kafin alƙalami, kuma da safe ba ya samun fitowa, sai dai bayan la'asar.